Gishirin Foga Tsakanin Gilashi Biyu

A Gaya an san ni da abu biyu. Na farko, wai in na ga ƙadangare a bakin kogi sai in shigo gari in ce kada ne. Na biyu, wai duk tagar da Nomau kafinta ya haɗa sai iska ta sami inda za ta shigo, komai tsadar katakon. Zargi na farko na amsa rabinsa. Na biyun gaskiya ne tsantsa, kuma da gangan nake yi. Tunda surutun ya yi yawa, bari in faɗi inda abin ya samo, in ya so mai zagi ya ci gaba da zaginsa da hujja.

Sai kun san Saini tukuna. Shi Bazabarme ne, ni Bagobiri, abokan wasa, wato bawana ne tun kafin a haife shi, ko da yake in kuka tambaye shi zai ce kakansa ne ya sayi kakana da ƙwaryar dawa ɗaya, har aka yi masa gyara. Sana'arsa ɗinkin kwalekwale. Ya haɗa katako da katako da igiyar kaba, ya bi ɗinkin da tsumma da man kaɗe yana dannawa. In ya gama ba ya sa jirgin a ruwa nan take. Sai ya juya shi ya fuskanci iskar kogi, ya lashi bayan hannunsa, ya bi ɗinkin da shi a hankali kamar mai neman ƙaya a ƙafar jariri. Inda ya ji sanyi-sanyi, nan zai tsaya ya sake dannawa. Ba a taɓa jin jirgin Saini ya sha ruwa ba.

Gada ce ta kashe masa kasuwa. Da aka gama ta, masu biyan fito zuwa Malanbil suka koma takawa da ƙafa suna leƙen masu jirgi daga sama. Ni kuwa a shantiyen gadar, wato wurin aikin gininta, na koyi riƙon zarto, da Faransancin da ya isa a zage ni in gane. Ba a jima ba aka sami mulkin kai, aka ɗaga sabuwar tuta, kowa yana cewa ƙasa tana neman masu sana'a, amma masu dipilom, wato takardar shaidar karatu. Sana'a muna da ita. Dipilom ɗin muka tafi nema.

Kotonu

A Kotonu muka faɗa hannun mutumin da har yau ban san sunansa na yanka ba. Ɗan ƙasarmu ne, yana yawo da karabat, wato laktaye, a wuya cikin zafin da ke narkar da kwalta, saboda haka muka sa masa Mai Karabat. Ya ce akwai wata lakwal, wato makaranta, a Faransa da ake koyar da aikin katako, ci da kwana kyauta, kuma saura gurbin mutum biyu.

"Ƴan'uwana, shekara ɗaya ce kawai," in ji shi. "Ku dawo da takarda mai hatimi, kumandan mai mulkin gari da kansa zai tashi ya ba ku kujera."

Saini ya ja ni gefe. "Bawana, mutumin nan ba ya gumi."

"To laifi ne?"

"Wanda ba ya gumi a garin nan ba aiki yake yi ba."

"Kai dai Bazabarme ne. Ko Aljanna aka nuna maka sai ka lashi hannu ka nemi inda take yoyo."

Muka damƙa masa kuɗin da muka zo da su, na kwalekwalen Saini na ƙarshe da na kekena. Ya ɗaga hannu ya yi mana addu'ar da ta fi ta limamin Juma'a tsawo. Har hawaye ya yi, da ido ɗaya.

A jirgin teku can ƙasa aka zuba mu, kusa da injin. Na yi amai har sai da na ga tuwon da na ci ranar kaciyata. Saini kuwa, da yake cikin ruwa aka haife shi, yawonsa yake yi yana bin haɗin ƙarfen jirgin da bayan hannu, sai da wani ma'aikaci ya kore shi. Ya dawo ya zauna kusa da kaina ya ce, "Aikinsu ba laifi." Ban taɓa jin ya yabi aikin wani haka ba.

Marsai

A Marsai babu malamin lakwal ko ɗaya da ya zo tarbarmu. Wani Bature mai jan hanci ne ya zo. Bai dubi fuskarmu ba, tafin hannunmu ya buɗe ya duba, ya matsa damtse, kamar yadda ake duba jaki a kasuwa. Ya karɓi takardunmu na tafiya ya sa a aljihu, wai don kada su ɓata. Muka bi shi cikin jirgin ƙasa, muna ta yin arewa, rana tana ta ƙanƙancewa, har ta koma kamar tsohuwar tamma da aka jefa sama.

Garin zarto

Inda muka sauka wani ƙauye ne a gabashin ƙasar, tsakanin duwatsu da dogayen itatuwa masu duhu. Abin da ke cikinsa injin tsaga katako ne, da coci, da mutanen da ba sa amsa gaisuwa. Mai jan hancin shi ne shef na wurin. Washegari na gyara Faransancina na tambaye shi ina lakwal take. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya nuna mini babban zarton da ke cin gungume yana ihu.

"Ga malaminku nan," in ji shi. "Ba ya maimaita darasi. Wanda bai gane ba yatsa yake bari."

Na tambayi takardunmu. Ya ce suna cikin akwati, sai mun biya wahalar kawo mu. Na fassara wa Saini. Bai ce mini ai ya faɗa ba. Da ya faɗa ma da na ji sauƙi.

Ɗakin da aka ba mu na shef ɗin ne, a ƙasa, yana kallon wata ƴar hanya. Gado biyu, murhun ƙarfe mai bututu da ya bi ta bango, da taga. Tagar ce ta ba ni dariyata ta farko a ƙasar. Biyu ce, ɗaya bayan ɗaya, kowace da katakonta da gilashinta, tsakaninsu tazarar taƙi guda. Daga sama akwai wata ƴar ƙaramar taga, kamar tafin hannu biyu, mai buɗuwa ita kaɗai.

"Saini, dubi imanin Bature. Ya yi taga, ya ji tausayinta kada ta ji sanyi, ya yi mata wata tagar."

Abin da na lura da shi daga baya bai ba ni dariya ba. In aka rufe su biyun, duniya ta zama bebiya. Ka ga keken doki yana wucewa, ka ga bakin mutane yana motsi, ba ka jin komai. Saini, mutumin da a Gaya ba ya barin ko akuya ta wuce bai tambaye ta gajiya ba, kullum in mun taso daga aiki sai ya zauna nan yana gaida masu wucewa. "Sannu da sanyi. Ina gida? Ina yara?" Ba mai ji. Mutum ɗaya ce take ɗaga masa kai, wata tsohuwa da ke gidan da ke kallon namu. Ita ma baƙuwa ce, daga wata ƙasa can gabas mijinta ya kawo ta, ya mutu ya bar ta. Inna muka riƙa ce mata, ta kuma amsa.

Da ganye ya fara zuba, ɗakin ya nuna halinsa. Gilashin waje ɗaya a tsage yake daga kusurwa zuwa kusurwa. Mastik ɗin da ke riƙe gilashi ya bushe yana faɗuwa kamar ɓawon rogo. Ƙarƙashin ƙofa kuwa kyanwa mai ciki za ta wuce ba ta sunkuya ba. Na je wurin shef.

"Ba kai ne kafinta ba?" in ji shi. "Ai koyo ka zo yi. Koya."

Ran Lahadi, da babu aiki, muna tsaye muna kallon tagar kamar masu ta'aziyya, sai ga Inna da kwando. Ba ta yi sallama ba, ba ta nemi izini ba, ta ture ni da gwiwar hannu. A kwandon akwai tsohon gilashi da ta ciro daga rumbunta, da curin sabon mastik mai warin mai, da auduga, da tsofaffin jaridu, da ƴar tukunya. A ƙasar nan ita ce kaɗai ta koya mini wani abu.

Ta sa na kankare tsohon mastik da wuƙa har katako ya fito fes, na zare ƙananan ƙusoshi, na cire tsagaggen gilashin. Ta shafa wa katakon mai, ta ce in ba haka ba zai tsotse man mastik ɗin ya bar shi ya bushe. Ta murza mastik a tafin hannu har ya yi laushi kamar ƙullin ƙosai, ta shimfiɗa siriri, muka zaunar da gilashi a kai, na mai da ƙusoshin ina bugawa a kwance don kada guduma ta taɓa shi. Sannan ta bi gefen da wani mastik ɗin, ta ja wuƙa sau ɗaya, ya kwanta sumul. Na gwada nawa gefen, ya fito kamar hanyar Doso da damina. Ta kankare ta ce in sake.

Da aka zo cusa auduga a tsagogin katako, sai Saini ya karɓe aikin. Nan Inna ta ja baya ta riƙe haɓa. Yatsunsa suna bin tsaga suna dannawa, ba gaggawa, ba komawa baya. Tun da muka bar gida ban ga fuskarsa ta saki haka ba. Ita kuma ta dama fulawa a tukunya kamar koko, muka yayyanka jarida dogo-dogo, muka shafa, muka liƙe kan audugar. Ƙofa ma na cire ta, na gyara mata zama, na buga mata tsohon bargo a gindi.

Kafin a rufe tagar ciki, Inna ta ce a kawo gishiri a kofi a ajiye tsakanin gilasan biyu. Gishirin ne zai shanye laima, in ba shi gilashi zai yi gumi, gumin ya daskare, a daina ganin waje har sanyi ya wuce. Ba mu da gishiri sai ɗan abin miya. Saini ya buɗe jakarsa ya ciro wani ƙulli na ganyen kaba. Gishirin Foga ne, na fadamar can wajenmu, ja-ja, curi guda. Matarsa Hamsatu ƴar Bana ce, garin masu dafa gishiri, ita ta dafa shi da hannunta ta sa masa a kaya. Tun Gaya bai taɓa shi ba, sai dai ya shinshina ya mayar.

"Bari wannan, bawana," na ce. "In aka liƙe ba a buɗewa sai sanyi ya wuce."

"Ina ganinsa ai," in ji shi. Ya sa shi a kofi ya ajiye.

Aka rufe, aka liƙe. Saini ya lashi bayan hannu ya bi katakon tun daga ƙasa. Shiru, shiru, shiru. Da ya kai ƴar tagar sama sai ya tsaya. Ya miƙa hannu ya ɗauki auduga. Inna ta buge hannun. Ta yi magana da sauri, tana nuna ƴar tagar, tana nuna ƙirjinta.

"Me ta ce?"

"Ta ce wannan ba a toshe ta. Wai ɗaki ma numfashi yake yi. Kullum a buɗe ta kaɗan."

"Gaya mata jirgi mai numfashi yana ƙasan kogi."

Na gaya mata. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga yatsa ta ce a'a, da Faransanci, da yarenta, har da namu da ta koya a bakin Saini. Ya ajiye audugar don girmanta. Amma na ga yadda yake kallon ƴar tagar nan. Kallon da mai gida yake yi wa baƙon da ya ƙi tafiya ne.

Sanyi

Ku da kuke ƙorafin ɗarin Gaya kuna lulluɓa da zane biyu, ku nemi gafara. A can na yi atishawa a waje na ji ta faɗi ƙasa ta fashe. Na shanya wando da safe, da yamma na same shi a tsaye yana jirana, sai da na roƙe shi ya lanƙwasa. Alwala kuwa, in ka wanke hannun dama, kafin ka gama na hagu na daman ya zama na wani.

Tagarmu ta yi aikinta. Duk layin, gilashinmu ne kaɗai ba ya gumi. Gishirin Hamsatu yana zaune a tsakiya yana shan laima yana raguwa, kofin yana tara ruwa. Saini yana auna sanyin da shi. "Kafin ya ƙare muna gida," yake cewa.

Murhu ne ya ci amanarmu. Bututun ya toshe can cikin bango, in aka hura wuta hayaƙi ya dawo ɗaki har mu fita muna hawaye. Shef ya ce sai sanyi ya wuce za a fasa bango. Daga nan tari ya kama Saini, garin katako da sanyi suka haɗu a ƙirjinsa. Ya rame har ina ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Ranar da ya kasa ɗaga gungume, shef ya ce ya koma ɗaki, kuma wanda ba ya aiki ba ruwan kowa da wutarsa.

A lokacin na manta da dipilom, na manta da kujerar kumandan. Abu ɗaya ya rage mini a ƙasar nan: in mai da Saini Gaya da ƙafafunsa. Na riƙa yin aikin mutum biyu don kada a kore mu cikin ƙanƙara ba takarda. Na ba shi bargona, na koma kwana da buhunan garin katako. Inna tana aiko miyar kabeji, abincin da in aka ba akuyar Gaya sai ta kai ƙara wurin alƙali, amma da zafinta take zuwa, muna sha muna sa albarka.

Gadonsa yana ƙarƙashin tagar. Siririyar iskar ƴar tagar nan a kan wuyansa take sauka. Na ce mu yi musaya, ya ce bawa ba ya ba ubangijinsa umarni.

Ranar da abin ya faru, da safe ya tashi da ɗan ƙarfi. Har ya tsokane ni.

"Bagobiri, je ka nemo wa ubangijinka abinci. Yau zan gyara gida."

"Ka gyara tarinka tukuna. Jiya maƙwabta sun zaci injin ne aka tayar."

Da tsakar rana aka ba mu hutun cin abinci, na biya gidan Inna na karɓi miya, na tsallako. Tun daga hanya na hango ƴar tagar sama a rufe. Da na matso sai na ga ba rufewa kaɗai aka yi ba. An bi gefenta da tsumma, an danne da man kaɗen da nake shafa masa a ƙirji. Ɗinkin jirgi ne sosai, mai kyau, ko allura ba za ta shiga ba.

Na leƙa ta gilashinmu mai haske. Saini yana zaune a ƙasa, ya jingina da gado, ƙafafu a miƙe. A gabansa tsohon bokitin ƙarfe, cike da garwashi ja wur, ba hayaƙi ko kaɗan. Fuskarsa a sake, kamar mai jin labari mai daɗi. Har na yi murmushi, na ce yau bawana ya ji ɗumi.

Na taɓa ƙofa, a sakale ta ciki. Na buga. Na koma taga na ƙwanƙwasa. Na kira sunansa, na kira sunan ubansa, na zagi Zabarmawa kaf, zagin da ko a kabari yake sai ya tashi ya rama. Bai motsa ba. Na ce a raina tagar ce, ba ya ji.

Inna ta fito jin hayaniyata. Ta leƙa, ta ga bokitin, ta ɗaga kai ta ga ƴar tagar. Tsohuwar da ke jan ƙafa ta ruga gidanta ta dawo da shebur, ta danƙa mini, ta nuna gilashin.

Na kai masa duka. Gilashin da muka zaunar da hannunmu ya zube. Na miƙa hannu in kama Saini, hannuna ya bugi wani gilashin. A ruɗewata na manta biyu ne. Na sake kai duka, kofin gishiri ya kife, na kutsa ciki, gilashi ya yanke mini damtse ban ji ba sai daga baya. Ɗakin ɗumi, daɗi, ba wari, ba komai. Numfashi kaɗan na yi kaina ya fara juyawa. Na zare sakata, na fizge tsumman da ya cusa a gefen ƙofa, na jawo shi da ƙafa har kan ƙanƙara. Inna ta durƙusa tana murza masa ƙirji tana marinsa tana kiran Allah da yarenta. Mutanen injin suka zo suka tsaya da burodi a hannu suna kallo. Ɗaya daga cikinsu, wanda bai taɓa amsa gaisuwata ba, shi ya kawo mota.

Ku fahimce ni, Saini ba wawa ba ne. Abin da uwarsa ta koya masa ya yi. A Gaya wa bai kwana da kaskon wuta ba lokacin ɗari? Ka hura a waje, ka jira hayaƙi ya ƙare, sannan ka shigar da garwashi. Ya tsinci guntayen katako, ya hura a bayan ɗaki, ya jira har hayaƙi ya ƙare tas. Mu hayaƙi muka sani, shi muke gudu. Ba wanda ya taɓa gaya mana garwashi yana da wani numfashi da ba a gani, ba a shinshinawa, don ɗakunanmu na gida ta ko'ina iska take ratsa su, ta ciyawa, ta zana, ta ƙofa. Ɗakin da ba ya yoyo ko kaɗan, sai Saini ne zai iya yinsa. Ya kuwa yi.

Gidan likita

Ya daɗe bai farka ba. Jandarma ya zo, tambayarsa ta farko wa ya fasa gilashin mutane. Na ce ni ne. Na ce ya zo in nuna masa murhu. Ya ce ba a aiko shi kan murhu ba. Amma likitan ya yi wasu tambayoyi, ya ce zai zo ya ga ɗakin da idonsa. Da shef ya ji haka, takardun da na roƙa duk tsawon sanyi ina durƙuso, sai ga su a hannunsa ya biyo ni da su har bakin gado, yana cewa lafiyar abokina ta fi komai, gara mu koma ƙasarmu mai rana. Kuɗin gilashi dai bai manta ya cire ba.

Ranar da Saini ya buɗe ido, ya daɗe yana kallona kamar yana neman inda ya san ni. Sannan bakinsa ya motsa. Na kai kunne.

"Bawana. Na toshe?"

"Ka toshe."

"Ba ta yoyo?"

"Ko kaɗan."

Ya lumshe ido, ya gamsu. Na fita waje na tsaya ina kallon bango.

Ya tashi, ya taka. Amma magana sai ya nemo ta daga nesa, kuma hannayen nan da suka ɗinke jiragen rabin Gaya suna rawa, ko maɓallin riga ba sa iya sawa. Likita ya ce wataƙila ya dawo daidai, wataƙila a'a. Bai dawo ba.

Ranar tafiya Inna ta rako mu har mota. Ta ba Saini rigar sanyin mijinta. Ni ta ba ni wuƙar mastik, tana nan a shagona. Sannan ta ciro wani ɗan ƙulli na jarida. Ashe ta bi cikin fasassun gilashi ta tsinto abin da ya rage na gishirin, kamar ƙwallon goriba, ta wanke, ta busar a kan murhunta. Ta sa masa a aljihu ta daddanna.

Gaya

A Kotonu na hango Mai Karabat a bakin tashar jirgi da wasu samari uku, hannu a sama yana addu'a. Na bar Saini a inuwa na je na tsaya cikin sahu na ce amin da ƙarfi. Ya dube ni bai gane ni ba. Na nuna wa samarin Saini, na ce ga ɗalibin lakwal ɗin can, ku je ku tambaye shi darasi. Biyu suka karɓe kayansu. Na ukun ya ce hassada ce.

A gida kowa dipilom yake tambaya. Na ce ya yi nauyi ne, jirgi ya ƙi ɗauka. Na ba su labarin wando mai tsayuwa da atishawa mai fashewa, suka yi ta dariya, har yau ana aiko yara su zo su ji. Hamsatu ba ta yi dariya ba. Ta dubi hannayen mijinta, ta dube ni. Ya daɗe yana lalube a aljihu, ya ciro ƙullin ya miƙa mata. Ta buɗe, ta ɗanɗana, ta ɗaure a bakin zane. Ta ce, "Sannunku da hanya." Ban taɓa jin ta ƙara wata magana a kai ba.

Yanzu kullum da safe ita take rako shi shagona. Yana zaune kan benci yana gaida duk mai wucewa, kuma a nan ana amsawa. In zan je sa taga yana biye da ni, yana riƙe da ƙusoshi. Ba ya shiga ɗaki ya zauna sai ya yi abu ɗaya, kuma duk Gaya ta san shi.

Kwanan baya wani Alhaji mai motocin sufuri ya gina gidan siminti, ya sayo gilashi daga Kotonu, ya ce yana son taga irin ta Turai, wadda ko sauro sai ya nemi izini. Na haɗa masa, na ja mastik sumul yadda Inna ta koya mini. Daga sama na bar ƴar kafar iskar da nake bari. Ya sa hannu ya ji.

"Malam Nomau, wannan fa? Kai da aka ce a Faransa ka yi karatu?"

"Sabon yayi ne, Alhaji. Fadar shugaban ƙasarsu ma haka take, na gani da idona."

Yana cikin cewa ba zai yarda ba, Saini ya matso. Ya lashi bayan hannunsa mai rawa, ya fara bin katakon tun daga ƙasa. Shiru, shiru. Na ga numfashinsa yana sauri, ya fara waigen ƙofa. Alhaji ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu. Hannun Saini ya kai sama, ya tsaya. Ya daɗe a nan.

"Akwai," in ji shi.

Sannan ya nemi wuri ya zauna.